Simintin da Na Ƙara a Kwaɓin Farar Ƙasa

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sallame, uku daga cikinku kuka tare ni a wajen ajiye motoci na masallacinmu na Laurel, wai in yi muku hanya ku shiga aikin gyaran tsofaffin gine-gine. Ɗayanku har da dariya. Ya ce, "Baba Lawal, ai ba wani abu ba ne, cusa laka ne tsakanin duwatsu. Wata guda ya ishe mu mu iya." Ban ba ku amsa a wurin ba, domin gwiwata ba ta son tsayuwa, kuma amsar ba ta tsaye ba ce. Ga ta nan na rubuta. Wanda ya karanta har ƙarshe kuma yana so, ya zo mu yi magana.

Shekara bakwai na yi a jikin bangon wani tsohon gidan ajiye zane-zane na gwamnati a cikin Washington. Gini ne na farin dutse, manya-manya, kowane ɗaya ya fi buhun masara goma nauyi. Lokacin da na zo ana ta sabunta shi: ana saka sabbin lif, ana yi wa masu keken guragu hanya, ana canza bututun iska da wayoyin wuta, ana sake rufin gilashi. Duk wannan na wasu ne. Mu namu bangon waje, wato gaɓoɓin da ke tsakanin dutse da dutse, inda tsohon kwaɓi ya ruɓe ruwa yake samun hanya.

Kayan aikin ba su da yawa, jaka ɗaya ta ɗauke su. Cizal sirara guda biyar, ƙaramar guduma, cokalin gini, wani siririn ƙarfe mai faɗin ƙaramin yatsa da ake tura kwaɓi da shi, buroshi mai tauri, gorar fesa ruwa, sai buhunan algarara. Za ka tone tsohon kwaɓin a hankali har zurfinsa ya ninka faɗin gaɓar, ba tare da bakin cizal ya taɓa gefen dutse ba. Ka wanke, ka jiƙa, ka jira. Ka tura sabon kwaɓi kaɗan, ka jira ya ɗan kama, ka ƙara. In ya kai yadda babban yatsa zai danna bai nutse ba, ka bubbuga da buroshi. Sannan ka rufe da jiƙaƙƙen buhu, ka yi ta yayyafa masa ruwa kwana da kwanaki kamar mai renon irin tumatir. Akwai ranar da za ka hau tun safe ka sauko da yamma, abin da ka cike bai wuce gaba uku ba.

Masu ginin kuma ba irin masu gidan da kuka sani ba ne. A bayan bangon da kake duka akwai zanen da ya girmi kakan kakanka, an rataye shi. Sun manna wasu 'yan na'urori a jikin bango, in dukanka ya yi ƙarfi sai waya ta yi ƙara a ofis, a aiko a ce ka sauko. Mai kula da lafiyar ginin wata baturiya ce, Madam Helen, gajeruwa, gashinta duk furfura, ba ta rabo da ƙaramar tocila ko da rana tsaka. Ita ta tara mu ranar da na fara, ta ce a wannan bango farar ƙasa da yashi kawai ake kwaɓawa, ba a yarda ko ƙurar siminti ta shiga ba. Ta ce kwaɓin farar ƙasa laushi gare shi da gangan. Ruwan da ya shiga bango ta gaɓa yake fita, kuma in sanyi ko zafi ya motsa ginin, gaɓar ce za ta tsage ba dutsen ba. Gaɓa ana sake ta, dutsen kuwa ramin da aka haƙo shi an daɗe da rufewa. Na gyaɗa kai kamar kowa. A raina cewa na yi wannan mata a littafi ta karanta gini.

Dole in gaya muku inda na samo wannan girman kan. A Zariya na koyi gini wurin ƙanen mahaifiyata, Kawu Sale. Shekara biyu ina taka ƙasa da ƙafa, ina mulmula tubali, ina jiƙa makuba, kafin ya bar ni in ɗora hannu a bango. Da na yi ƙarfi sai na gudu Kaduna, inda ake ginin bulo, na yi fiye da shekara ashirin a can. A Kaduna maginin kirki shi ne wanda yake faɗa da ɗan kwangila a kan siminti. Ɗan kwangila ya ce buhu ɗaya a yi kaza da shi, kai ka ce ba da hannunka ba. Na sha faki idon mai aiki in ƙara kwano guda a kwaɓi don kada ginin mutane ya zube a kansu, kuma da wannan aka san ni, ana cewa bangon Lawal sai da gurneti. A wajena ƙara siminti amana ce. Rage shi ne sata.

Da na zo ƙasar nan gadi na fara, a wani sito a Laurel, kusan shekara uku ina zaune ina kallon ƙofa, hannuwana suna laushi. Wanda ya fitar da ni Istifanus ne, mutumin Pankshin, da muka haɗu a wajen wani suna a Germantown. Na girme shi da shekara goma sha biyu. Ubansa mai fasa dutse ne a Filato, shi kuma ya zo nan tun da ƙuruciya, ya yi kwas a kan gyaran tsohon gini, ya kai fomen a kamfanin da ke aikin bangon. Ya kalli tafin hannuna kawai ya ce, "Baba, wannan hannun ba na gadi ba ne." Shi ya tsaya mini a ofis, shi ya fassara mini takardun, shi ya nuna mini jirgin ƙasan da zan riƙa hawa da inda zan sauka. A wurin aiki shi ne shugabana, amma bai taɓa kiran sunana gatsal ba, kuma in zai ba ni umarni sai ya mai da shi tambaya: "Baba, ko za mu fara ta wancan gefen?" Turawan suna mamaki. Ni kuwa na ɗauke shi hakkina.

Aikin da ya jawo komai shi ne bangon arewa, gefen da rana ba ta cika dukansa ba. Kaka ta yi nisa, ganye ya zube, an ce sanyi mai daskarar da ruwa yana tafe cikin mako biyu. Kwaɓin farar ƙasa in sanyi ya same shi bai kama ba, gari yake komawa. Saura layi huɗu a sashena, kuma kamfani yana so a sauke ƙarafunan hawa kafin dusar ƙanƙara. Ni nake kwaɓa nawa da kaina, don na ce ba na son kwaɓin kowa. A can ƙasa, kusa da inda ake ginin ramin sabon lif, akwai buhunan siminti a jibge, ɗaya a buɗe. Na ɗebo a robar abincina. Kowane kwaɓi na zuba masa cikin cokalin gini biyu. Wallahi ban ji ina yin laifi ba. Daɗi ma na ji, na ce yau bangon nan ya samu magini.

Washegari da safe Istifanus ya hau yana dubawa. Na gan shi ya danna gaɓar da yatsa, ya sake dannawa, ya kai farce ya karta. Ya daɗe a tsugune. Sannan ya matso inda nake, ya rage murya don kada sauran su ji, duk da ba wanda ke jin Hausa a cikinsu.

"Baba, kwaɓin nan ya yi saurin kamawa fa. Kuma kalarsa ta ɗan yi toka."

Na ce, "Yashin ne."

"Baba, ko dai wani abu ya shiga ciki? In ya shiga, mu tone tun yana ɗanye. Aikin yini ɗaya ne, ba wanda zai sani."

Na ajiye cokali na dube shi. Na ce, "Istifanus, tun kana zuwa firamare da gajeren wando nake kwaɓi. Yau kai za ka koya mini abin da ke riƙe bango?"

Ya sunkuyar da kai. Ya ce, "A'a, Baba. Yi haƙuri." Ya sauka. Da yamma ya sa hannu a takardar da fomen yake cikewa kullum, wadda ke cewa kwaɓin ranar farar ƙasa ne da yashi, yadda aka tsara. Kwana huɗu ina ƙarawa, kwana huɗu yana sa hannu.

Sanyin shekarar ya yi tsanani. Da ƙanƙara ta narke aka dawo, tun daga ƙasa ana hango abin. Gaɓoɓina suna nan daram, ko tsaga babu. Duwatsun da ke gefensu ne suka ci wuya: bakinsu ya ɓantare, wani wurin kamar faɗin tafin hannu, ɓarɓashin fari a zube a ƙasa. Ruwa ya shiga ta sama, ya zo fita ya tarar na toshe hanya, ya tsaya a cikin dutse ya daskare ya fasa shi. Wanda bai fasa ba ya bi ta ciki. A ɗakin da ke bayan bangon danshi ya fito a jikin fenti, aka kwashe zane-zanen cikin gaggawa, aka rufe ɗakin, aka sa igiya a ƙofa.

Ina tsaye a ƙasa ina kallon ɓarɓashin nan sai na tuna gidajen ƙasa na Zariya da masu su suka yi kuɗi suka shafe da siminti. Shekara kaɗan shafen yake kumbura ya faɗo da rabin bangon, cikin ya jiƙe ya ruɓe. Kawu Sale ya sha nuna mini, yana tsaki. Ashe abin da Madam Helen ta faɗa na san shi tun ina ɗan shekara goma sha biyar. Ban karɓa ba ne don daga bakinta ya fito.

Aka ɗebi kwaɓin aka kai gwaji, aka dawo da sakamako: siminti. Manajan kamfani ya tara mu a cikin kwantenar da muke cin abinci, mu tara, Madam Helen tana zaune a gefe. Da yake mun yi ta musayar wuri a kan ƙarafunan, ba a rubuta wanda ya cike wane layi ba. Manaja ya ce yana so ya san yadda siminti ya hau bangon nan. Na buɗe baki, na ga idon yara biyu 'yan ƙasar Salbado da nake yi wa faɗa kullum a kan riƙon cizal, sai na rufe.

Istifanus ya miƙe. Ya ce da Turanci, "Ni ne fomen, ni na sa hannu. Ban duba yadda ya kamata ba. Wataƙila an yi amfani da bokitin da aka kwaɓa siminti a ciki." Bai kalli inda nake ba.

Aka sauke shi daga fomen, aka ɗauke shi daga ginin, aka tura shi wani sashe na kamfanin da ke shimfiɗa duwatsun daɓe a wuraren ajiye motoci. Aka ce na shekara guda ne, in ba a sake samunsa da sakaci ba zai dawo. Mutumin da ya yi shekara ashirin yana lallaɓa dutse ya koma durƙuso a kan kwalta. Ni kuwa na koma gida na ci tuwo.

Tonon simintin aka ba wa wanda ya fi kowa sanyin hannu, wato ni. Wata huɗu na yi a kai. Ba a yarda da injin yanka ba sai a tsakiyar gaɓa, sauran da cizal, ƙwaya-ƙwaya, domin siminti ya manne wa dutsen, in ka matsa sai ya taho da naman dutse. Na san kowane layi. Na san inda na tsaya na sha shayi. Wata rana Madam Helen ta hau ta zauna kusa da ni tana haska tocilarta a cikin gaɓar. Ta ce, "Ka san abin da ke ba ni haushi, Lawal? Wanda ya yi wannan gwani ne. Dubi yadda ya cike, ko rami ɗaya babu. Da mugun ma'aikaci ne da ruwan ya samu wurin fita." Na ce mata haka ne. Kunya ta hana ni cin abincin rana, na zauna a sama har aka tashi.

Duk wannan lokacin Istifanus bai fasa kirana ranar Lahadi da yamma ba, in ya dawo daga coci. "Baba, ya gwiwa? Ya Mama?" Ni kuma in ce lafiya lau, ya aiki, ya ce da godiya. Ba wanda ya taɓa ambaton bangon arewa. Na gaya wa kaina cewa yaro ne mai tarbiyya, ya rufa wa babba asiri, Allah zai saka masa, shekara guda kuma kamar gobe ce. Da wannan na yi ta lallashin kaina har ranar da manaja ya kira ni ofis ya ce sun ga aikina a kan tonon, suna so in riƙe fomen.

Ranar Asabar na ɗauki mota na nufi gidan Istifanus a Woodbridge. Hanyar ta cushe kamar kullum, na yi awa biyu. Matarsa Rifkatu, wadda take aikin nas, ita ta buɗe ƙofa. Ta rusuna ta gaishe ni, ta kawo ruwa, ta kawo gwate da zafinsa, amma fuskarta ba kamar da ba. Istifanus ya fito yana ɗingishi kaɗan, ya zauna a ƙasa kusa da kujerata. Na gaya masa maganar fomen.

Ya ce, "Kai, madalla! Baba, ka karɓa. Ka cancanta."

Rifkatu tana bakin ƙofar kicin. Ta ce, "Baban Nanret, in kai ba za ka faɗa ba, ni zan faɗa."

"Rifkatu, shiga ciki."

"Ba zan shiga ba. Baba, ka yi haƙuri, kai uba ne. Amma mutumin nan kullum sai na gasa masa gwiwa da ruwan zafi. Nanret ta tambaye shi me ya sa ba ya kai su ganin gininsa kuma, ya rasa abin cewa. Shi ya ce kada a gaya wa kowa. To ni na gaji da gaishe ka ina murmushi."

Na ajiye cokalin. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige. Na ce, "Maman Nanret, gaskiyarki." Istifanus yana ta cewa, "Baba, a bar maganar, saura wata biyar kawai, don Allah a bar ta." Ban saurare shi ba. Na riga na yanke abin da zan yi, kuma a ganina abin da namiji zai yi ke nan.

Ranar Litinin ban hau bango ba, ofis na wuce. Na tarar da manaja da Madam Helen. Na ce ni na zuba simintin, da hannuna, da sanina, kwana huɗu. Sannan, don in wanke Istifanus tas, na ƙara da cewa: ba sakaci ya yi ba, tun washegari ya gane, ya zo ya same ni ya ce mu tone, ni na hana shi. Na ce a wurinmu ƙarami ba ya ja da babba, ni na yi amfani da girmana na rufe masa baki, saboda haka laifin duka nawa ne.

Manaja ya ajiye biro. Ya ce, "Tsaya. Kana nufin ya san akwai siminti a ciki lokacin da ya sa hannu?"

Na ce ya sani, amma ba yadda zai yi.

Suka kalli juna. Madam Helen ta cire tabarau ta murza idonta. A nan na ga ba abin da nake zato suke ji ba. Ni ina ba su labarin yaro mai ladabi. Su kuwa suna jin labarin fomen da ya ga ɓarna, ya rubuta ƙarya sau huɗu a takardar gwamnati, ya sake yin wata a gaban mutum tara. Sakaci ana yafe shi bayan shekara. Wannan ba a yafe shi. Ni aka sallame ni a ranar, kuma ban yi musu ba. Shi aka kira shi ranar Laraba, aka sallame shi daga kamfanin gaba ɗaya, aka kuma sanar da masu ba da irin wannan kwangila. Duniyar gyaran tsohon gini a garin nan ƙarama ce, kowa ya san kowa. Har yau bai sake taɓa bangon tarihi ba, katangar lambu yake yi wa mutane a Virginia.

Ni daga baya wani ƙaramin ɗan kwangila a Baltimore ya ɗauke ni, muna gyaran tsofaffin gidajen jan bulo, kuma nan ne kuke so in kai ku. Na gaya masa komai kafin ya ɗauke ni. Ya ce tsohon da ya taɓa fasa dutse ya fi masa wanda bai taɓa ba. Wannan sassaucin ni na samu, wanda ya jawo abin. Istifanus bai samu ba.

Mako guda bayan an sallame shi na koma Woodbridge. Rifkatu tana wurin aiki. Shi ya buɗe, ya rusuna kamar kullum, ya kai ni falo. Na ce na zo neman gafara, na ce niyyata in wanke shi ce. Idonsa yana kan kafet har na gama. Sannan ya ɗago ya dube ni cikin ido, abin da bai taɓa yi ba tun da muka haɗu.

"Na sani, Baba. Amma sau biyu ke nan. Na farko na ce mu tone, ba ka ji ba. Na biyu na ce a bar maganar, ba ka ji ba. Ni na san mutanen nan, na san abin da takardar take nufi. Da ka tambaye ni."

Na ce, "Ban tambaya ba."

"Ba ka tambaya ba."

Da na miƙe zan tafi, ya riga ni zuwa bakin ƙofa, ya durƙusa a kan gwiwar nan tasa mai ciwo, ya juya mini takalmana suka fuskanci waje, ya riƙe ƙofar har na saka su.